Daga Sabo Zuwa Shasha: Tsofaffin Gidajen Hausawan Ibadan

Wanda ya hau mota a Mokola ya nufi arewa a kan tsohuwar hanyar Oyo, zai wuce Sango, ya wuce ƙofar Jami'ar Ibadan, ya ratsa cunkoson Ojoo, kafin ƙamshin albasa da attaruhu ya shaida masa cewa ya iso Shasha. Tafiyar ba ta da nisa. Amma tarihin Hausawan kurmi na fiye da shekara ɗari yana shimfiɗe a kan wannan hanya. A bayansa ga Sabo, unguwar da aka yanka wa Hausawa a 1916. A gabansa ga Shasha, kasuwar kayan gwari da ta fara bunƙasa tun ƙarshen shekarun 1970. A tsakiya kuwa, cikin harabar jami'a, ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa, kuma a nan aka kafa Ƙungiyar Tarihi ta Najeriya a 1955.

Mutanen arewa sukan haɗa Sabo da Shasha a baki ɗaya, kamar wuri guda ne. Ba haka ba ne. Sabo ce uwa, tana tsakiyar gari, daf da filin wasa na Lekan Salami a Adamasingba, inda a da filin sukuwar dawaki yake. Shasha tana can gefen gari, a ƙaramar hukumar Akinyele, kan hanyar da manyan motoci ke shigowa daga Ilorin. Jini da sana'a ne suka haɗa su, sai kuma damuwa guda: dattawan da suka san yadda aka kafa wuraren nan suna ƙarewa, gidajen da suka gina suna bin bayansu, kuma kaɗan ne daga abin da suka sani aka rubuta.

Ibadan ta kafu wajen 1829, sansanin yaƙi ce a lokacin da tsohuwar daular Oyo ke wargajewa. Hausawa suna cikinta tun tana ƙarama. Wasu fatauci ya kawo su, wasu kuma a bauta aka kawo su, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Sun yi wanzanci, sun tufka igiya, sun yi kiwon shanu. A cikin gari suka zauna, a gidajen manyan Yarbawa da kewayen kasuwar Oja'ba. Jirgin ƙasa ne ya sauya komai. Ya iso Ibadan daga Legas a 1901, bayan shekara goma ya isa Kano, daga 1912 kuma ana iya ɗora kaya a Kano a sauke a bakin teku. Goron da a da ake yin watanni a kan hanya kafin a ɗauko shi daga Gwanja, sai ga manoman ƙasar Yarbawa suna shuka irinsa a gonakinsu. Shanu na gangarowa kudu, huhunan goro na hawa arewa. Hausawa suka ƙaru a Ibadan har zamansu a warwatse ya zama abin magana a wurin sarakunan gari da Turawan mulki, har da ƙorafin cewa ɓarayi na fakewa a cikinsu. A 1916 aka ware musu fili kusa da Mokola, aka ɗora su a ƙarƙashin Sarkin Hausawa.

Abin da aka sani a rubuce game da rayuwar unguwar a zamanin ƙarfinta, yawancinsa daga aikin mutum ɗaya ya fito. Abner Cohen, masanin halayyar al'umma, ya yi bincike a Sabo a 1962 da 1963, ya wallafa littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Ya tarar da mutum fiye da 4,000 a unguwar. Ya kuma tarar cewa masu gida kimanin talatin ne ke riƙe da fiye da rabin ɗakunan kwana na Sabo, kuma su ne ke riƙe da cinikin shanu da goro. Wannan ba haɗuwar sa'a ba ce. A Sabo, mai ɗakuna shi ne mai kasuwa.

Yadda abin yake shi ne, falke ya taso daga arewa da garken shanu, bai jin Yarbanci, bai san mahautan gari ba, ga shanunsa ba za su jure tsando da cutar sammore ta kurmi ba, dole ya sayar da wuri. Sai ya sauka a gidan fatomansa. Maigida ya ba shi ɗaki, matan gida su dafa masa abinci daga cikin kulle, yaran gida su kula da dabbobi, dillalan maigida su shiga kara su nemo mai saye. Mahauci Bayarabe ya ɗauki saniya bashi, zai biya bayan ya sayar da nama, maigida kuma shi ne lamuni: in mahauci ya gudu, shi zai biya. Cohen ya rubuta cewa ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a karar Ibadan, kuma a kowane lokaci akwai bashin kusan fam 100,000 a waje. Ba a sa hannu a wata yarjejeniya, ba a zuwa kotun Bature. Magana ce da sanayya, da tsoron zubewar mutunci a gaban jama'ar masallaci.

Saboda haka gidan fatoma ya wuce wurin kwana. Masauki ne, ma'ajiyar kuɗi ce, wurin sasanta rigima ne, kuma nan labarin farashi ke fara sauka. Wanda ya rasa ɗakunan saukar baƙi ya fita daga kasuwa. Shi ya sa rigimar sarautar Sabo a wancan zamani ba ta rabuwa da rigimar gidaje.

Ginin kansa ba na burgewa ba ne, kuma a nan matsalar take. Maginin da ya zo daga Kano ko Zariya ya tarar da ƙasar da ruwan sama ke sauka fiye da rabin shekara. Soron ƙasa da azara ba ya jure irin wannan damina. Ba daurin guga, ba zankwaye, ba makuba mai sheƙi irin ta birni. Bango na jar ƙasa ne, daga baya aka shafe da siminti, rufi na kwano, kamar na maƙwabta Yarbawa. Mai wucewa ba zai waiwaya ba. Sai an shiga ake ganin arewa: zaure yana fuskantar titi, da dakali inda maigida ke zama da hantsi, ɗakunan baƙi a jere kusa da ƙofa, yadda baƙo zai shiga ya fita bai ga matan gida ba, ɗakin ajiya mai sanyi inda ake buɗe goro a tsince mai ƙwari a sake naɗe shi da ɗanyen ganye, can ciki kuma tsakar gida da madafi, inda 'yan mata ke ɗaukar talla. A ƙofar gida sau da yawa akwai ɗan masallacin khamsu salawati da makarantar allo. Kayan ginin na kurmi ne, tsarin na ƙasar Hausa. Irin wannan gida bai da tamka a Kano, bai da tamka a tsohon garin Ibadan. Zango ne kaɗai ya haife shi.

Masallaci ma yana da nasa labarin. Har zuwa farkon shekarun 1950, Hausawan Sabo a babban masallacin gari suke sallar Juma'a tare da Yarbawa. Da siyasar jam'iyyu ta shigo, ikon da Turawa suka ba Sarkin Hausawa ya fara raguwa, a daidai lokacin ne ɗariƙar Tijjaniyya ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass ta mamaye unguwar. A 1952 mutanen Sabo suka tsayar da Juma'arsu. Cohen ya ga wannan a matsayin sabuwar katangar da unguwar ta gina wa kanta bayan ta hukuma ta fara zubewa. Malaman Sabo suna da nasu bayanin, na addini, kuma shi ma ya cancanci a ji shi daga bakin almajiransu tun suna raye.

Yau wanda ya shiga Sabo, 'yan canji ne za su fara tarbarsa. Da yamma kuma hayaƙin tsire ya turnuƙe titi, mutane daga ko'ina cikin gari suna zuwa saye. Kara ta bar tsakiyar gari tun tuni, yanzu can wajen Akinyele ake sauke shanu. Tirela ta karɓi aikin jirgi. Wayar salula da tura kuɗi ta banki sun rage buƙatar fatoma: falke na iya kwana a Sakkwato ya ji farashin Ibadan, kuɗinsa su shigo masa kafin ya tashi daga tabarma. Ɗakunan baƙi sun koma ɗakunan haya. Zauruka da dama an fasa musu bango an sa ƙofar ƙarfe, sun zama shaguna.

Ba da rana ɗaya gidajen ke tafiya ba. A hankali suke lalacewa, kamar yadda asu ke cin babbar riga a cikin akwati, ba a sani ba sai ranar da aka ɗaga ta. Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya da yawa, wasu a Ibadan, wasu a Kano, wasu a Legas. Gida ɗaya ba ya rabuwa kashi goma sha. Sai a yi masa kuɗi a sayar, a raba gado kamar yadda shari'a ta ce. Mai saye kuwa ba ginin ya saya ba, filin ya saya, domin fili a tsakiyar Ibadan dukiya ce. Kafin shekara ta zagayo an ta da bene mai shaguna. In ba a sayar ba, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gyara rufi, ruwa na shiga bango, har wata damina ɗaki ya zauna. Babu mugu a cikin wannan labari. Magada na da haƙƙinsu, marayu na da ciki, kuma ba wanda ya isa ya ce wa mai buƙata ya riƙe gidan da ke zuba saboda tarihi. Duk maganar adana gidaje da ba ta fara da amincewa da wannan ba, ba za ta wuce bakin masu yin ta ba.

Shasha labarinta daban ne, don ita yarinya ce. Da cinikin tumatir da tattasai da albasa ya fi ƙarfin tsohuwar kasuwar cikin gari, sai aka koma da shi bakin hanya. Noman rani a arewa, musamman bayan manyan madatsun ruwa irin su Tiga, ya sa kayan gwari suka yawaita. Motoci na tasowa daga Kwanar Gafan da Ɗanja da Aliero, su kwana a hanya, su sauke kwanduna da buhuna da asuba. 'Yan dako su sauke, dillalai su yi ciniki, mata Yarbawa su sara su kai kasuwannin gari da na garuruwan kewaye. Unguwa ta tashi a jikin kasuwa, da masallatai da makarantun Islamiyya, aka yi auratayya, aka haifi yara masu jin Hausa da Yarbanci daidai wa daida. Ga Baalen Shasha a ɓangaren Yarbawa, ga Sarkin Shasha a ɓangaren Hausawa, sarautar da Alhaji Haruna Maiyasin ya daɗe a kai har rasuwarsa a 2025.

A tsakiyar Fabrairun 2021 saɓani a kan kayan da suka zube a ƙofar wani shago ya kai ga mutuwar mutum, daga nan wuta ta tashi. An rasa rayuka daga ɓangarorin biyu. An ƙone rumfuna da shaguna da gidaje. Mata da yara da yawa suka fake a gidan Sarkin Shasha, wasu suka hau mota suka koma arewar da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba. Gwamnan jihar Oyo, Seyi Makinde, ya rufe kasuwar, gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka zo jaje da sulhu, kafin wata ya ƙare aka sake buɗe ta. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta tsayar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki, farashin tumatir ya tashi a Legas. Wasu 'yan kasuwa suka ƙaura gaba, zuwa Iroko.

An ƙirga shaguna, an ƙirga motoci, an yi maganar diyya. Abin da ba ya shiga lissafin diyya shi ne abin da ke cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado: takardar sayen fili, rasiɗin haraji na shekara arba'in, hoton ranar da aka naɗa wa uba rawani, wasiƙar ajami daga ɗan'uwa a gida, Alƙur'ani rubutun hannu da kaka ya zo da shi a gafaka. Shago ana sake gina shi, kuma an gina da yawa. Waɗannan in sun tafi sun tafi.

Abin da ke ƙara wa mutum takaici shi ne, sana'ar ceto irin waɗannan abubuwa a Najeriya, a kan wannan hanyar aka fara ta. Masanin tarihi Kenneth Dike ne ya zagaya ƙasar a farkon shekarun 1950 yana duba yadda gara da danshi ke cin takardun gwamnati, rahotonsa ya kai ga kafa ofishin adana takardu a 1954, wanda ya zama gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Shi da abokan aikinsa suka kafa Ƙungiyar Tarihi ta Najeriya a shekarar da ta biyo, mujallarta ta fara fita a 1956. Cikin waɗanda suka ɗauki nauyin ƙungiyar tun farko akwai H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A ɗakin karatu na jami'ar, W. E. N. Kensdale ya tattara littattafan Larabci rubutun hannu daga arewa, cikinsu har da na shugabannin jihadin Sakkwato. John Hunwick ya buɗe cibiyar tattara rubutun Larabci a shekarun 1960, ana aro littafi daga hannun malami a ɗauki hotonsa a mayar masa. Waɗannan mutane ne suka tabbatar wa duniya cewa Afirka na da tarihin da za a rubuta daga bakin mutanenta da takardunta. Da aka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu, ƙungiyar ce ta yi ta fafutuka har aka dawo da shi.

An yi aiki a kan Hausawan garin ma. Isaac Olawale Albert na Jami'ar Ibadan ya yi rubutu a kan yadda mazaunan Hausawa suka bunƙasa a Ibadan tun ƙarni na goma sha tara. A cikin fayilolin Lardin Oyo da na Ibadan akwai koke-koken mutanen Sabo da rigingimun sarautarsu. Amma duk wannan da Turanci yake, a kan kanta, a bayan ƙofar jami'a. Saurayin da ke canjin dala a ƙofar gidan kakansa yana iya yiwuwa bai taɓa jin cewa an rubuta littafi a kan unguwarsu wanda ake karantarwa a jami'o'in duniya ba. Tazarar da ke tsakanin zauren Sabo da ɗakin karatu 'yan kilomita ce, amma an yi shekara sittin ba a gama ratsa ta ba.

Batun gine-gine kuwa, Ibadan ta san darajar nata. Zauren Mapo da aka kammala a 1929 an gyara shi, yana tsaye a kan tudunsa. Hasumiyar Bower ta 1936 tana nan. Benen Koko na 1965 ya ƙone a 1985, aka sake gyara shi. Gidan attajiri Adebisi a Idikan kowa ya san shi. Duk waɗannan manyan gine-gine ne na sarauta da mulki da dukiya, kuma ido irin su yake nema. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa ta ba da ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi, amma gidan laka mai rufin kwano a lungun zango da wuya ya shiga wannan layi.

Ko ya shiga ma, takardar gwamnati ba ta tare katafila. A Legas akwai gidan Ilojo kusa da dandalin Tinubu, ginin salon Barazil na ƙarni na goma sha tara, wanda aka ayyana abin tarihi na ƙasa tun 1956. Ranar 11 ga Satumba 2016 aka rushe shi. A Kano, Ƙofar Na'isa mai ɗaruruwan shekaru an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, badala kuma ana ta cin ta da gini da haƙar ƙasa. A gefe guda, a Legas ɗin dai, wata ƙungiyar masu sa kai mai suna Legacy 1995 ta ɗauki wani tsohon gidan ma'aikatan jirgin ƙasa a Ebute Metta, wanda aka gina a 1898, ta gyara shi a 2010 a ƙarƙashin jagorancin mai zanen gine-gine John Godwin. Shi ne gidan Jaekel, yanzu ƙaramin gidan tarihi ne da ɗalibai ke ziyarta. Gidan da doka ta kare ya faɗi, wanda 'yan tsirarun mutane suka tsaya a kansa da lokacinsu da aljihunsu yana tsaye.

A Agadas an ga wata hanyar. Tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, da hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsawon mita 27. Abin da ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru shi ne yaɓe a kai a kai, da magina da suka gaji aikin, da fadar Sarkin Abzin da ke sa ido. A Akara kuma, Deborah Pellow ta yi shekaru tana bin gidajen Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa, tana zana tsarinsu tana rubuta wanda ya gina da wanda ya gada, littafinta ya fito a 2002. Gidajen za su iya canzawa, amma zanen ya riga ya shiga takarda. Irin wannan aiki ne Sabon Ibadan ta fi buƙata, kuma bai fi ƙarfin mutanenta ba.

Wani zai ce, mutanen da ke fama da kuɗin haya da kuɗin makaranta, ina ruwansu da tsohon bango? Amsar tana cikin abin da aka riƙa faɗa a Fabrairun 2021. Kalmar da ta fi yawo ita ce baƙi: baƙi su koma garinsu. Mutumin da aka haifi kakansa a Sabo, aka binne iyayensa a ƙasar Ibadan, yana biyan haraji a jihar Oyo, da me zai amsa? In ya je Kano ɗan kurmi ne, in ya tsaya a Ibadan ɗan arewa ne, takardar shaidar asali kuma tana wahalar da shi a ko'ina. Gidan da aka gina kafin a haifi Najeriya mai 'yanci, da sunan wanda ya gina shi da shekarar da aka gina, shaida ce da ba a musu da ita. Yana kuma tuna wa kowa abin da Cohen ya gani da idonsa: mahauci Bayarabe da fatoma Bahaushe sun yi shekaru suna juya dukiya mai yawa a tsakaninsu a kan amana. Wannan tarihin Ibadan ne gaba ɗaya, kamar yadda unguwar Ayagi, inda Yarbawa suka zauna tun ƙarnuka, tarihin Kano ce. Rasheed Olaniyi na sashen tarihi na Jami'ar Ibadan ya rubuta littafi a kan Yarbawan Kano. Labaran biyu tagwaye ne, ya kamata yaran makaranta a garuruwan biyu su ji su tare.

Ba dukan gidaje za a ceta ba, kuma ba dukansu suka cancanta ba. Biyu ko uku sun isa a tsaya a kansu: gidan wani babban fatoma da zaurensa bai canza ba, gidan wani malami da ɗakin littattafansa, da tsohon gidan sarauta. Attajiran unguwa da ke gina masallatai da rijiyoyin burtsatse sun san ladan waƙafi. Sayen rabon magada a irin wannan gida da farashi mai kyau, a gyara rufi, a bar makarantar allo ta ci gaba a zaure, a mayar da ɗakunan baƙi wurin ajiye hotuna da takardu, shi ma waƙafi ne. Gida in ana shiga ana fita yana daɗewa. Wanda aka kulle don a adana shi ne ke fara faɗuwa.

Sauran gidajen, a auna su a zana kafin a rushe. Aikin yini biyu ne ga ɗalibin zanen gine-gine da igiyar awo da waya mai kyamara. Magada ba za su rasa komai ba, sai ma su samu hoton gidan ubansu.

Mafi gaggawa shi ne dattawa, kuma a nan Shasha ta fi Sabo sa'a. Waɗanda suka ga 1916 babu ko ɗaya. Waɗanda suka tsaya a sahun Juma'ar farko ta 1952 suna yara, yanzu sun haura tamanin. Amma a Shasha har yanzu akwai mutanen da suka kafa rumfunan farko da hannunsu, sun san wanda ya fara kawo motar albasa, sun san yadda aka yi da masu ƙasa, sun san rikicin da aka kashe a zaure bai kai ga hukuma ba. Tsofaffin mata sun san abin da maza ba su sani ba: wa ya auri wa, wane gida ya yi riƙon ɗan wane, yadda aka ciyar da baƙi hamsin daga tukunya ɗaya, yadda adashi ya gina ɗakuna. Ba baƙo mai takardar tambayoyi ne zai samu wannan ba. Jika ne zai samu, wanda zai durƙusa ya ce, «Baba, a ba mu labarin zuwanku,» ko jikanya ta zauna a gefen gado ta ce, «Hajiya, yaya gidan nan yake da kika zo amarya?» A ɗauka da Hausa, a rubuta da boko da ajami, a kuma juya zuwa Yarbanci don maƙwabta su karanta. A je wa tsofaffin mahauta da matan kasuwa Yarbawa ma, domin rabin labarin yana wurinsu.

Takardu kuma kada a karɓe su daga hannun masu su. Mutane na tsoron fito da takardar fili, kuma suna da dalili. Hanyar da aka bi da littattafan malamai tun shekarun 1960 ita ce daidai: a ɗauki hoto a gaban mai abu, a mayar masa nan take, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a unguwa, ɗaya a jami'a, ɗaya a Gidan Arewa a Kaduna. Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shiri tun 2004 na tallafa wa irin wannan aiki, ya riga ya ɗauki nauyin ɗaukar hoton takardu a Kaduna da Yola, kuma ƙa'idarsa ita ce ainihin takardun su zauna a ƙasarsu. Abin da shirin ke nema shi ne wani ya rubuta ya nema, da wata cibiya da za ta tsaya masa. Sabo da Shasha suna da 'ya'ya lauyoyi da malaman makaranta da masu digiri, suna da ƙungiyoyin matasa da na 'yan kasuwa, sashen tarihi na Jami'ar Ibadan kuma kuɗin mota ɗaya ne daga kowace unguwar.